Ranar da Abarba Ta Sa Na Bar Wasiyya

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba. Ko na so in manta ma, mutanen ƙauyenmu ba za su bari ba.

Shekarun nan ne na tsanani, lokacin da masara ta fi ƙarfin talaka. Rago sai dai kallo a kasuwar Ɗambatta. Abin da na iya jawowa gida wani tsohon bunsuru ne mai gemu kamar na kakana. Da aka feɗe shi, mahauci ya latsa naman ya ce, "Malam Sani, wannan ai sai dai a ɗinka takalmi." Ga dangin matata sun cika gida, kuma tun asali kallon matsiyaci suke yi mini (ba ƙarya suka yi ba, amma ba na so su gani a kwano).

Sai abokina Ɗanlami direba ya ce a Kudu ruwan abarba ake zuba wa nama ya yi laushi. Ya ɗauko biyu a motarsa ya ba ni, ya ce kaɗan ake sawa, na ɗan lokaci. Ni da na yi aji huɗu na ga na fi shi kai. Na kirɓa ɗaya da rabi a turmi, na juye a kan naman, na rufe tun hantsi. Ragowar na cinye, na watsa wa akuyar gida ɓawon.

Da la'asar mata suka buɗe za su soya, sai salati. Nama ya dagargaje kamar fate. A nan na tuna tun ɗazu harshena ke raɗaɗi. Na yi lissafi: bunsuru nama ne, ni ma nama ne. Abin da ya narkar da takalmi, ina ga hanjina?

Na faɗa tsakar gida cikin mata, na miƙe a tabarma. "Jama'a ku yafe ni! Abarba tana cina ta ciki! Gonar bakin rafi ta jaririn nan ce!"

Matata ta fashe da kuka. Gwaggo Asabe, yayar surukata, ko gezau.

"Kai Sani, ɓawon fa, wa ya ci?"

"Akuya, Gwaggo."

"To ga ta can tana tuƙa. In tafiyar ce, ai ita za ta riga ka. Tashi ka ba mu tabarmarmu."

Na tashi. Wallahi har 'yan goyo sai da suka yi dariya.

Daga baya wani malamin asibiti a Bici ya ce abin da ke cikin abarba mataccen nama yake yi wa haka. Mai rai ɗan raɗaɗin baki ne kawai, in ta isa ciki kuma ita ake narkarwa. Naman dai romo aka yi da shi, tsofaffi marasa haƙori suka yi ta sa mini albarka. Yaron kuwa yau har ya yi gemu, amma Ɗan Abarba ake kiransa.

Tun daga ranar, in na ji kamar zan mutu, sai na fara leƙa akuya kafin in raba gona.