Babban Yatsan Farfesa

Ƙungiyar masu keke da ke haɗuwa a gidan man bakin gada kowace Asabar tana da mutum talatin da ɗaya, da tuta guda, da baiwa guda. Baiwar tana hannun daman mutum ɗaya, tsawonta bai kai rabin biro ba. Babban yatsan Farfesa ke nan.

Farfesa bai taɓa koyarwa a jami'a ba, amma wannan ƙaramin abu ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana sayar da katifa, yana danna ta da yatsa a gaban mai saye yana cewa, “Ji nan.” A shekara ta ashirin da uku ya sayi keke, ya danna tayar, nan take ilimi ya sauko masa: ashe taya ma katifa ce, naɗe ta kawai aka yi.

A ƙungiyar nan ba a rasa mai ba da shawara. Wani ya ce a ɗaga sirdi, wani ya ce a sauke. Wani ya rantse ayaba biyu kafin tashi, wani ya ce ayaba ce ta kayar da shi bara. 'Yan titi masu siririyar taya suna ganin 'yan dutse masu kaurin taya a matsayin masu wasa da taɓo, 'yan dutse kuma suna cewa 'yan titi tufafi kawai suka zo nunawa. Abu ɗaya ne ya haɗa su. Ƙarfe shida da rabi, kowa zai jera kekensa a jikin katanga, a jira yatsa.

Farfesa yakan iso a tsanake. Ya zare safar da yake sa wa yatsan shi kaɗai, ya hura masa iska sau biyu, ya lumshe ido, ya danna.

“Tamanin da biyu. Rage kaɗan.”

Ya matsa gaba.

“Wa ya buga wannan? Da fushi aka buga ta. Iskar da aka buga da fushi ba ta zama a taya. A sace ta duka a sake.”

Sai a sace a sake. Wani lokaci yakan tsaya ya yi wa jama'a ƙarin haske kyauta. “Ku kuna ganin iska duk ɗaya ce. Akwai ta safe, akwai ta yamma. Ta yamma ta gaji, ta yini tana yawo. Ni da na taɓa, na san wacce ce.”

Sakamakon aikinsa a bayyane yake. Shekara bakwai ƙungiyar ba ta cika samun faci a hanya ba. Gaskiya ne, mita ɗari uku daga gidan man, bayan kwanar farko, akwai rumfar wani mai faci, kuma duk Asabar mutum talatin sukan tsaya a wurin su ce za su gaishe shi. Gaisuwar takan ɗauki minti goma, ana jin ƙarar famfo a cikinta. Farfesa, wanda kullum shi ne a gaba har kwana ta biyu, yakan jira su a can yana yaba tarbiyyarsu.

A gida ma an san darajar yatsan. Ba ya ɗaukar jarka. Ba ya ɗaura labule. Ba ya kusantar ruwan wanke-wanke, don sabulu yana kashe jijiyar ji. Man goge baki ma matarsa ce ke matsa masa. Idan ta yi magana, sai ya ɗaga yatsan a gabanta kamar katin shaida.

“Maman yara, rayukan mutum talatin ne a nan.”

“Na gani, Baban yara,” takan ce. “Allah ya ƙara masa lafiya.” Ta faɗi haka shekara bakwai, muryarta ba ta taɓa canzawa ba, abin da ya kamata ya ba mai hankali tsoro.

Fitina ta shigo ne ta hannun Nas, wata ma'aikaciyar jinya da ta shiga ƙungiyar da keken dutse mai launin ganye. Asabar ɗinta ta uku ta zo da famfo mai agogo, irin wanda allura ke nuna yawan iskar da ke cikin taya. Farfesa ya danna tayarta ya ce hamsin. Ta maƙala famfo, allura ta ce ashirin da takwas.

“Agogon naki sabo ne, bai saba ba,” in ji Farfesa.

“Baba, a asibiti da irinsa muke auna jinin mutane.”

“Shi ya sa ba a rasa marasa lafiya a asibiti.”

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta cika ba. Dogo, shugaban ƙungiyar, wanda ya gaji da gaishe da mai faci, ya ce mako mai zuwa za a yi gwaji a gaban kowa. Taya uku. Idan yatsa ya ci, a kai famfo gida. Idan ya faɗi, famfo ne zai riƙa duba layi. Farfesa ya yi murmushi, ya ƙara sharaɗi daga aljihunsa: a ɗaure masa ido, kuma babu abin da zai taɓa tayar sai yatsan. “Yatsa ba ya neman taimakon ido,” in ji shi. Ba wanda ya roƙe shi wannan.

Makon nan yatsan ya sha gata. An shafa masa mai safe da yamma. A shago, masu saye da kansu suka riƙa danna katifa. Ranar Alhamis matarsa ta leƙo daga ɗakin ajiya, kanta duk yanar gizo, ta ce ya kama mata su fito da keken guragun marigayi babanta, ya tsufa a wurin yana tare hanya. Farfesa ya ɗaga yatsa.

“Ba komai,” ta ce. “Na yi waya da Nas, za ta zo ta kama min.”

Ya ji daɗi ƙwarai da abokiyar hamayyarsa za ta zo ɗaukar kaya a gidansa. Bai tambayi yadda aka yi suka san juna ba. Manyan mutane ba sa bin ƙananan labarai.

Asabar ta zo. Duk 'yan ƙungiya suka hallara, har da mai faci, wanda ya rufe rumfarsa ya taho. Matar Farfesa ma ta zo a karon farko, ta zauna a kan bencin gidan man, jaka a cinya. Dogo ya ɗaure wa Farfesa ido da tutar ƙungiya.

Taya ta farko. “Casa'in.” Agogo ya ce sittin.

“Ta sace tsakanin hannuna da famfon. Kun ji ƙarar da ta yi.”

Ta biyu. “Talatin da biyar.” Agogo ya ce hamsin da biyu.

“Wannan agogon daga ƙasa yake ƙirga. Ni daga sama nake ƙirgawa. Lissafin ɗaya ne.”

Jama'a suka fara kallon juna. Wasu har sun fara gyaɗa kai, don mutumin da ba ya jin kunya yana da wuyar kayarwa. Dogo ya duba Nas. Nas ta je bayan motarta ta dawo da ta uku, ta riƙe ta a tsaye.

Farfesa ya danna. Ya sake dannawa, fuskarsa ta saki, kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwa a baƙon gari.

“To. Yanzu aka zo wurin aiki. Ku matso ku koya. Wannan iskar safe ce, ta fari, kafin motoci su taɓa ta. Mai haƙuri ne ya buga ta, bugu ɗai-ɗai. Ɗari da biyar. A shekara bakwai ban taɓa jin iskar da ta zauna daram irin wannan ba.” Ya ɗan karkata kai. “Sai dai ta ɗara da ɗigo biyu. Kar kowa ya taɓa. Ni da kaina zan rage.”

Ya zame tutar daga idonsa, ya durƙusa, ya juya ƙafar yana neman bawul, bakin da ake sace iska. Ta zagayo sau ɗaya. Ya sake juyawa a hankali, yana bin ƙarfen da yatsa. Sau biyu. A zagaye na uku ne ya lura da guntun zaren ja da ke ɗaure a jiki, irin wanda surukinsa yake ɗaurawa a duk abin da ya mallaka.

“Ba za ka samu ba, Baban yara,” matarsa ta ce daga kan benci. “Ta keken Baba ce. Roba ce zalla har ciki. Tun da aka ƙera ta iska ba ta taɓa shiga ba.”

Mai faci ne ya fara dariya, ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Daga nan 'yan titi da 'yan dutse suka jingina da juna, abin da ba a taɓa gani ba. Farfesa ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya buɗe baki zai yi bayani a kan iskar da kan maƙale a cikin roba tun daga masana'anta, amma Dogo ya riga ya ɗauki famfo ya nufi keken farko. Minti shida aka gama layin. A ranar ba wanda ya tsaya gaisuwa a kwana.

Da suka isa gida, matarsa ta karɓi safar yatsan ta ce za ta yi amfani wajen goge takalmi. Ta nuna masa tukwane huɗu da soso.

Yanzu wata na uku ke nan Farfesa yana wanke-wanke, kuma ya riga ya zama gwani. Yakan murza gindin tukunya da babban yatsa, ya lumshe ido, ya ce, “Ta fita tas.” Matarsa takan ce, “Sannu da ƙoƙari,” ta ɗauki tukunyar ta zagaya bayan kicin. Takan yi kamar minti goma, ana jin ƙarar ruwa.