Ranar da Na Raba wa Gari Tarwaɗa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara aiki a matsayin direbar tarakta. E, direba, kuma mace, haifaffiyar Haɗeja. Wanda abin bai yi wa daɗi ba ya sha ruwan sanyi.

Wani bidiyo ne ya ja min. Na ga wata mata a ƙasar Turawa tana tuƙa ƙatuwar mota mai faffaɗan ƙarfe a gaba, tana ture dusar ƙanƙara daga titi. Na ce to, mu ba mu da ƙanƙara, amma laka kam Allah ya hore mana. Duk shekarar da kogi ya yi ambaliya ya janye, sai ya bar hanyoyin ƙauyuka cike da taɓo da kacalla, doguwar ciyawar nan da ta addabi manoma da masunta. Dama na iya tarakta tun a gonar kawuna, sai na dinga zarya garejin wani ɗan kwangila, Oga Bukar, har ya gaji da ganin fuskata.

"Zan gwada ki sau ɗaya," in ji shi. "Akwai wata hanya ta wajen Kirikasamma, ki je ki share ta. In kika yi shirme, ga maza nan a layi suna jira."

(Inna kuwa cewa ta yi duk wanda ya tambaye ta za ta ce aikin ofis nake yi.)

Na isa ƙauyen na tarar labari ya riga ni. Maza sun cika gindin bishiya, mata suna leƙe ta saman zana. Wani tsohon masunci, Baba Sale, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, yadda kowa zai ji, "Yau kuma mace ce a kan ƙarfe? Allah ya kyauta." Raina ya ɓaci. Na ɗaure hijabina tamau, na ƙwama baƙin gilashi, na tayar da inji.

Wallahi na yi aiki. Laka tana naɗewa a gaban ƙarfen turin taraktar, hanya tana fitowa tas a bayana. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ni kuwa kaina ya kumbura ya cika taraktar.

Can na hango wani tudu a gefen hanya, ya ɗan ci bakinta: laka, kacalla, tsofaffin buhuna da turaku. Na ce ga sharar da ruwa ya tara, bari in nuna wa Baba Sale abin da mace za ta iya. Na saita ƙarfe na taka mai. Mutane suka miƙe suna ihu suna ɗaga hannuwa. Ƙarar inji ta hana ni jin komai, na ɗauka jinjina ce, har na ɗaga musu hannu ni ma (da murmushi fa, kamar 'yar takara).

Ashe datsi ne. A bayan hanyar akwai babban kududdufi. Idan ruwa zai janye, masunta kan toshe bakin da yake fita, kifi ya zauna a ciki ya yi ƙiba har rani. Ni 'yar cikin gari, a kasko kawai na san kifi. Kuma a duk faɗin ƙauyen, datsin wa na zaɓa? Na Baba Sale.

Ruwa ya ɓalle ya malale hanyar da na gama sharewa, tarwaɗa da ƙarfasa suna ta tsalle a kai. Nan take aka manta da ni. Mata suka fito da kwanuka, maza suka naɗe ƙafar wando, har wani dattijo mai rawani na gani ya danne tarwaɗa da hannu bibbiyu. Na sa ribas in gudu, tayoyi suka nutse a taɓo. Na ƙara mai, suka ƙara nutsewa.

Baba Sale ya ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! 'Yar nan, don na yi magana shi ne za ki rama da abincin gidana?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da gaske yake, ya ɗauka da gangan na yi.

Ana cikin haka Oga Bukar ya iso a kan mashin. Ya kalli ruwa, ya kalli taraktarsa, ya kalle ni.

"Sauko," ya ce.

"Ba zan sauko ba, Oga."

"Me kika ce?"

"Ni na fasa, ni zan toshe. In kora ce, ka kore ni bayan na gama."

Hawaye na zuba a bayan gilashi, amma na riƙe sitiyari kamar da shi aka haife ni. Na san idan na taka ƙasa a lokacin, shi ke nan, har jikokina sai an ba su labarin macen da aka sauke.

Shanun huɗa aka kawo. Aka ɗaura igiyoyi, maza suna turi ta baya, shanu suna ja, ni ina zaune a sama ana "Haa! Haa!" Duk wanda bai taɓa ganin shanu sun ja direba ba, a ranar ya gani kyauta.

Da na fito, na ce, "Baba, nuna min inda zan zuba." Ya harare ni, amma kifinsa yana tafiya, dole ya ɗaga sanda. Ya nuna, na turo ƙasa. Ya nuna, na danne. Kafin la'asar datsi ya tsaya, ya fi na da kauri, kuma sauran kifin ya tsira. Baba Sale ya hau ya tattaka da ƙafa, ya ce, "Wannan ba mai iya fasa shi." Ya waiwayo ya dube ni. "Sai ke."

Gari ya kwashe da dariya, har da Oga Bukar. Da zai hau mashin ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Sauran hanyar fa? Gobe ki zo da wuri."

Har yau a yankin nan Hajiya Tarwaɗa ake kira na, kuma ina amsawa da ƙarfi. Abin da na koya kuwa: idan jama'a suka ɗaga min hannu, birki nake takawa, ba murmushi ba. Ko kashin shanu na gani a hanya sai na sauko na tambayi mai shi. Amma da na ji amsa, kujerata nake komawa.