Ranar da Na Durƙusa wa Fanka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfutata ta daina nawa ba. Tsohuwar laftof ce. Idan na kunna ta, sai in taka daga Nima zuwa Kawukudi in sayo waakye, wato shinkafa da wake, in dawo, tana nan tana miƙa. Da na gaji, na kai wa mai gyara, ya cire tsohon faifan ajiya ya sa mata sabo mai sauri da ake kira SSD, ya kwashe komai nawa ya juye a ciki. Na karɓa ban ko gwada ba, don sauri nake.

Saurin kuwa na gidan su Rukaya ne, yarinyar da nake so. Mahaifinta, Alhaji, ya dawo daga Makka, aka ce in zo in haska hotunansa a talabijin a tsakar gida. Mutumin nan bai taɓa yi mini murmushi ba, ni kuma aurena yana hannunsa.

Na jona waya, na danna maɓalli, na tafi alwala kamar yadda na saba (a lissafina ko nafila zan iya yi kafin ta farka). Ina wanke ƙafar dama na ji muryata tana tashi daga talabijin. Ashe ta buɗe nan take, ta ci gaba da bidiyon da na bari: ni ne durƙushe gaban fankar ɗakina, na ɗora mata hula, ina gwajin gaisuwar suruki.

"Baba, ina kwana. Baba, ni yaron kirki ne, wallahi."

Na fito da ƙafa ɗaya a jiƙe. Mata na riƙe ciki don dariya, Rukaya ta tsere ɗaki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ei, Sulley! Fanka ɗin ya amsa maka?"

Na ce, "A'a, Baba, kai kawai take juyawa."

Ya yi dariya har da hawaye. "To ni na amsa. Ka turo manyanka."

Har yau ina gode wa Allah, ina gode wa mai gyaran nan. Sai dai yanzu ba na kunna komai in juya baya. Fankar kuwa tana ɗakinmu, Rukaya ta hana a sayar. Wai ba a sayar da suruki.