Ranar da Na Yi wa Gwaggo Tafinta

Ba zan taɓa mantawa da daminar da Baturiya ta sauka a gidanmu ba. Ko na so in manta ma ba hali, don Gwaggo tana nan da ranta, kuma ba ta gajiya da ba baƙi labarin.

Lokacin gwamnati ba ta daɗe da kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja ba. Baba, mijin Gwaggo, direba ne a wata ma'aikata, sai aka kwaso har da mu aka ba mu ɗaki biyu da falo a Kubwa. Kubwar lokacin jar laka ce da ciyawa, sai sababbin gidaje masu warin siminti. Shekarata goma sha tara, ina koyon buga tafireta a Garki. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, kuma ba ta da wata 'ya sai ni. (Ku riƙe wannan, a nan ciwon yake.)

Wata rana Baba ya dawo da labari. Ogansu ya roƙe shi ya sauki wata ɗaliba daga Amurka, mai karatun tsara birane. Ta zo hutun wata uku don ta ga yadda ake gina sabon birni, ta kuma ce ba ta son otal, cikin mutane take so ta zauna. Sunanta Rebeka. Gwaggo ta gwada faɗin sunan sau biyu, ta ce, "Kai, Rabi dai, mu huta."

Da farko har murna na yi, na samu wadda zan gwada wa Turancina. Ashe wahala na tarba da hannu biyu.

Kullum da sassafe Rabi za ta ɗaura takalminta, ta rataya jaka, mu bi layin bas tare. Ni in sauka a Garki, ita ta wuce wuraren da ake gini tana kallon tituna da magudanan ruwa. Da yamma ta dawo laka har gwiwa, fuska ja kamar gauta, da gasasshiyar masara a takarda ta kawo wa Gwaggo. Sai ta durƙusa ta ce, "Sannu da gida." Ku zo ku ga Gwaggo! Har tafi take yi. Ni da na shekara goma sha uku ina durƙusawa, gwiwata har ta yi kanta, ba a taɓa ce mini ko sannu ba.

Rabi ta ci tuwo da hannu, a kira maƙwabta su gani. Rabi ta ɗauki tsintsiya, a ƙwace, "Haba, 'yar nan, zauna ki huta." Ni kuwa ko cokali na yar, sai an ji muryar Gwaggo a bakin titi. Wallahi kishi ya ci ni ya cinye. In na ji an ce "Rabi" sai in ji abinci ya fita raina.

Ban zauna haka nan ba, na ɗan taɓuka abin da zan iya. Gidan sauron da ya huje na ɗaura mata, na ɓoye mai kyan a ƙarƙashin katifata. Na ce mata yajin Gwaggo ba shi da zafi, ta zuba cokali guda. Ta yi hawaye, ta yi majina, ta kuma ce mini na gode. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai.

Abin da ya ƙarasa ni atamfa ce. Akwai wata shuɗiya mai zanen tsuntsaye a ƙasan akwatin Gwaggo, shekara uku ina yi mata kallon tawa. Saura sati biyu Rabi ta tafi, sai na ga an ciro ta an kai wa tela a ɗinka mata. Na ce a raina, shi ke nan, an yi mini juyin mulki.

To, Rabi tana da wani littafi mai baƙin bango da take rubutu a ciki da Turanci kullum bayan la'asar. Ranar nan ina shara na buɗe shi. (Ƙarya nake, ba shara nake ba.) Idona ya faɗa kan layi ɗaya: Gwaggo ta yi ta faɗa yau ma tun safe. Na rufe da sauri, zuciyata fari ƙal. Ashe munafuka ce! Tana durƙuso a gaba, tana rubuta mu a baya.

Na jira Asabar. Gwaggo na zaune a baranda tana ɓarar gyaɗa da mata uku na layinmu, cikinsu har da Maman Ladi, maƙwabciyarmu 'yar Filato, malamar firamare. Rabi ta fita sayen masara. Na fito da littafin a hannu, na gyara murya.

"Gwaggo, kin san abin da 'yar lelenki take rubutawa a kanki?"

"Ke, mayar mata da abinta."

"Sai kin ji. Ta ce kullum faɗa kike yi tun safe. Ga shi nan baƙi a kan fari, za ta kai Amurka a karanta."

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin faranti. Na ga ranta ya sosu, ni kuma, Allah Ya yafe mini, daɗi ya kama ni. Abin da na manta shi ne, ba ni kaɗai na je makaranta a layin nan ba.

Maman Ladi ta miƙo hannu ta saka tabarau. "Kawo shi nan. Ai magana bai ƙare ba, ga shi ya ci gaba. Oya, tunda ke ne tafinta, zo ki fassara, ina duba ki."

Daidai nan Rabi ta shigo da masararta, ta ga littafinta, ta tsaya cak.

Ba yadda na iya. Yatsan Maman Ladi na bin layi, ni ina fassarawa da murya kamar ta marar lafiya: "Gwaggo ta yi ta faɗa yau ma tun safe, don 'yarta ta fita ba ta karya ba. Ni jiya na fasa mata kwanon tangaran, ta ce ba komai. Kullum ni ba komai. Ni baƙuwa ce, ita ce 'ya. Tun da mahaifiyata ta rasu ba wanda ya damu da ni har ya yi mini tsawa. Ina kishinta ƙwarai."

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma Maman Ladi ba ta gama da ni ba, ta juya shafi. "Ga wani kuma. Ya ce, gidan sauron da 'yar Gwaggo ta ba ni yana da huji bakwai, ina jin ba ta lura ba, yarinyar kirki ce."

Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale da dariya har gyaɗarta ta zube.

Gwaggo ta miƙe a hankali ta kama kunnena, ni 'yar shekara goma sha tara, a gaban jama'a. "Mai baƙin ciki! Baƙo raɓa ne, kwana nawa za ta yi? A kan atamfa ɗaya za ki tozarta ni?" Na runtse ido ina jiran sauran. Sai na ji ta sake ni ta juya.

"Ke kuma Rabi, sakarya! Wata biyu sauro na cin ki, ba ki da baki? In zazzaɓi ya kwantar da ke, me zan ce wa ubanki? Wuce ki ɗauko mini gidan sauron nan, kuma kwanon da kika fasa ban manta ba!"

Rabi ba ta gane rabin maganar ba, amma ta gane tsawar. Ta saki masara ta rungume Gwaggo, tana kuka tana dariya. Gwaggo na ture ta tana cewa, "Sake ni, ja'ira," amma hannunta na kan bayanta.

Sati biyun da suka rage, tare muka riƙa shan faɗa, ni da Rabi, ita tana washe baki. Na ba ta haƙuri a cikin bas, ta ce ba komai, na ce don Allah ta nemo wata kalmar. Ta tafi da atamfar a jikinta, kuma ta yi mata kyau, abin haushi.

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ni nawa har da siminti na yi masa. Abu ɗaya tak nake da shi a gidan nan wanda Baturiya ba ta samu ba, faɗan Gwaggo, shi ma da bakina na fassara aka raba mana shi biyu. Tun daga ranar, ko takardar ƙosai na tsinta da rubutu, sai na karanta ta har ƙasa kafin in buɗe baki.