Rumfar Ladingo Mai Daddawa

A wani daji da kogi ya raba gida biyu, kowane tsallake da hukumarsa, akwai wata bushiya mai suna Ladingo. Daddawa take yi. Ita ke tsinto kalwa, ita ke dafawa, ita ke kaiwa tsallake ranar kasuwa, don a can masu saye suke. Ba miji, ba ɗa, ko mai ce mata sannu da wuta babu.

Ana nan sai hukumomin biyu suka tsara doka don sauƙaƙa wa masu sana'ar kai ɗaya, wai takarda guda ta ishe su ciniki a kowane ɓangare. Aka kafa kwamitin duba ta: ɓauna, gwaggon biri da gara, duk waɗanda ba su taɓa kwana su kaɗai ba. Ranar da kwamitin ya kira taron jin ra'ayi, Ladingo ta rufe rumfa ta tafi, ranta fari.

Magatakarda Gwaggon Biri ya karanto sashe na tara. Duk wanda zai ƙetare, dole ya bar wani a rumfa da zai amsa wa jami'ai. In an zo ba kowa, an soke takardarsa.

Ladingo ta miƙe. "Ranka ya daɗe, wa zan bari? Ni ce mai rumfar, ni ce 'yar aikenta. In na ƙetare ba kowa, in na zauna daddawa ta lalace a hannuna."

Ɓauna, shugabar zaman, ta gyaɗa kai da tausayi, har ga Allah. "Baiwar Allah, maganarki abin dubawa ce. Sai dai ƙa'ida ta ce koke ba ya shiga rahoto sai wani mai irin sana'arki ya goya baya. Akwai mai goyon baya?"

Ladingo ta waiwaya. Damo mai gyaran takalma bai zo ba, haka hawainiya mai rini. Wa zai tsare musu rumfa? Zauren cike, amma ba ta taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Aka rubuta cewa masu sana'ar kai ɗaya ba su kawo ƙorafi ba, alamar sun gamsu. Aka yi addu'a, aka watse garke-garke.

Ladingo ta kamo hanya ita kaɗai. A ƙofar rumfa ta tarar da sanarwa: an fara gwajin dokar yau, jami'ai sun zo ba su sami kowa ba. A ƙasa kuma an gode mata da halartar taro.