Babbar Rigata a Lungun su Mahmud

Ko zan manta da komai na zamana a Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Alhamis a 2013 ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in haƙa rami in shige.

Mahmud ɗan ajinmu ne, kuma shi kaɗai ne Bamisiren da ya ɗauke ni aboki tsakani da Allah. Sauran daga "ya Samara", wato baƙi, sai dariya. Babansa, Ammu Sayyid, mai guga ne a wata tsohuwar unguwar talakawa bayan Darrasa. Ban taɓa ganinsa ba, amma kullum sai ya aiko Mahmud da gaisuwa. Da aka sa bikin yayan Mahmud, tsohon ya ce lallai in zo, kuma in sa babbar rigar nan tamu da ya gani a hotona, yana so ya ga yadda ake goge ta.

Ana saura 'yan kwanaki wayata ta faɗa bokitin wanki ta mutu. Ban damu ba, ai na san rana, na kuma san kwatance.

Ranar na ci ado kamar ni ne angon. Farar shadda mai aiki, hula zanna, turare kuwa sai da abokin ɗakina ya buɗe taga. Na sayi kwalin wani kayan zaƙinsu da ake kira basbusa (har da jan zare aka ɗaure min, don tsabar iyayi), na hau mota daga Abbasiya.

Unguwar ta kashe min jiki tun daga bakinta. Lunguna matsattsu, gidaje sun tsufa sun jingina da juna, shanya na ɗiga daga sama, ruwan kwata na bin tsakiyar hanya. Maƙeran tagulla suka daina bugu suna kallona. Na tattare rigata ina tafiya a hankali, ina ce wa kaina kwarjini ne.

Can bayan magariba na hango wurin. Wata doguwar rumfa ta tare lungu gaba ɗaya, yadinta ja da shuɗi da kore, fitilu reras, kujeru masu ruwan zinare, ga wani mai murya yana karatun Alƙur'ani a lasifika. To ku faɗa min, don Allah, ɗan Kano zai ga wannan ya ce mene ne? Mu a gida zaman makoki tabarma ce da buta. Rumfa da fitilu da karatu kuwa walima ce. Har na yaba musu a raina, na ce mutanen kirki, biki ba kiɗa.

Maza sun jeru a bakin rumfar ana ba su hannu. Na washe baki na bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Alf mabruk! Alf mabruk!" Wato ina taya su murna sau dubu.

Babu wanda ya amsa. Da na zo kan angon (na gane shi, kamarsu ɗaya da Mahmud) sai na rungume shi, na bubbuga bayansa. Na ga idonsa ja, na ce a raina hidima ce ta hana shi barci. Kai, wauta ba ta da magani!

Ban ga Mahmud ba, sai na nemi kujerar gaba na baje riga, kwalina a cinya. Aka kawo gahawa a ɗan kofi. Na kurɓa, ɗaci kamar maɗaci. Na ɗaga hannu na ce a taimaka min da sukari.

Wani dattijo da ke gefena ya dafa gwiwata.

"Ɗana, wurin wa ka zo?"

"Wurin Ammu Sayyid. Shi ya gayyace ni da kansa. Yana ina ne?"

Ya daɗe yana kallon jan zaren kwalina. Sannan ya ce, "Yau da azahar muka binne shi. Gahawar makoki ba a sa mata sukari."

Innalillahi. Wallahi ji na yi rigar ta yi min nauyi kamar an jiƙa ta. Na so in gudu, to ta ina? Ƙofa ɗaya ce, kuma mutanen da na yi wa murnar mutuwar ubansu na tsaye a wurin. Na riga na sallama cewa na rasa abokina ɗaya tilo a ƙasar nan.

Sai ga Mahmud ya shigo, fuskarsa a kumbure. Ashe ya yi ta kirana bai samu ba. Na miƙe tsaye. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya kama hannun rigar ya shafa aikin da yatsa.

"Ka sa ta," ya ce. "Shekaranjiya ma sai da ya tambaya ko za ka sa ta."

Nan ya fashe da kuka a kafaɗata, ni ma na bi shi, ga kwalin basbusa a matse tsakaninmu.

Mun ci gaba da abota, amma ban sake iya sa rigar ba. Tun daga ranar kuma, duk rumfar da zan shiga, ko a Kano ce, fuskar ta'aziyya nake shiga da ita. Sai na ga wani ya yi dariya tukun nake buɗe haƙorana.