Ramuwa Bisa Gwiwa Biyu

Allah Ya yi wa Jalingo baiwa iri-iri, amma babu kamar Darakta Sadisu, Giwar unguwar Mayo Gwoi, wanda yaran unguwa ke kira Kot-Kot. Fasaha ce ta cika masa kai har sai da ya nemi hular ulu ya danne ta, kuma ko rana na narka kwalta ba ya cire hular. Ayyukansa sun zaga duniya, in dai duniyar ta tsaya a Iware, nan kusa da Jalingo: bidiyon biki, bidiyon suna, da tallar maganin basir guda ɗaya wadda har yau yake cewa mutane ba su gane zurfinta ba.

Amma abin da ya fi alfahari da shi gwiwarsa ce. "Mai fasaha ba ya durƙusa wa kowa," in ji shi. Kuma ba cika baki ba ne. Ranar da aka ɗaura aurensa da Rauda, ya shiga gaban mahaifinta, Alhaji Sajo dillalin shanu, da baƙin tabarau, ya tsaya ƙiƙam, ya miƙa hannu ya ce, "Alhaji Sajo, ya garin?" Da sunansa fa! Dattawa suka sunkuyar da kai don kunya. Alhaji ya karɓi hannun, ya yi murmushi. Sadisu ya fito yana murna ya nuna wa tsoho wayewa.

Shekaru suka ɗan ja, sai Giwa ta yi shelar babban aiki. Zai mayar da Kwalekwalen Hayatu fim, tsohon littafin nan da ya sa iyayenmu kuka a makaranta. Labarin ba boyayye ba ne: mugu Ɗantani ya huda kwalekwalen yaronsa Hayatu a garin Lau, ya cinye gidansa, Hayatu ya tsira, ya dawo bayan shekaru, ya mare shi a kasuwa, ya ƙona rumbunsa, ya jefa shi kogin Binuwai. Sadisu ya yi nazarin littafin sosai, don bangon baya ma sau biyu ya karanta shi. Jarumi kuwa, ya duba Taraba kaf bai ga wanda ya cancanta ba sai kansa.

Saura mai ɗaukar nauyi. Abin mamaki, Alhaji Sajo da kansa ya aiko. Ya ce zai kai bijimai kasuwa ya biya kuɗin fim, sharaɗinsa ɗaya ne ƙanƙane: shi zai fito a Ɗantani. Sadisu ya amince da sauri, ya manta cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rauda ce ta tuna masa a gida. "Fim ko ba fim ba," ta ce, "ranar da ka ɗaga wa Baba hannu, ka zo gidanmu ka same ni." Sadisu na son matarsa ba kaɗan ba. Gidan da suke ciki ma, in za a faɗi gaskiya, na Alhaji ne.

Ranar mari aka taru a kasuwar Lau. Hayatu ya keto taro ido jajir, ya ɗaga hannu sama. Alhaji ya dube shi kawai. Bayan kamara ga Rauda, ga yayyenta dogaye da sanduna, sun ce kallo suka zo. Hannun nan ya sauko a hankali ya dafe ƙirji, gwiwoyi suka bi shi har ƙasa. A littafi, nan ne Hayatu ke zazzaga wa Ɗantani tsinuwa shafi bayan shafi. A fim kuwa cewa ya yi, "Baba, an wuni lafiya? Ya shanu?" Amma fa da fuska a murtuke.

"Kot!" Darakta ya tsayar da kamara, ya miƙe yana kaɗe wando, ya juya ga ma'aikata. "Kun ga abin da na yi? Mari tsohon yayi ne. Kowane ɗan tasha ya iya mari. Ni marin zuciya nake nunawa. Wannan durƙuson wulaƙanci ne a ɓoye, sai mai ilimi zai gane. A ƙasashen waje lambar yabo ake bayarwa a kansa."

Alhaji, wanda bai taɓa riƙe kamara ba, ya ce shi dai yana ganin hasken bai yi ba, a sake. Aka sake. Ya ce akuya ta gifta, a sake. Kafin la'asar gwiwar wandon Darakta ta huje.

Sai gobara. Rumbun da za a ƙona na Alhaji ne na gaske, cike da masara. Hayatu ya iso da ashana yana huci, hadari kuma ya haɗo ta gabas. Alhaji ya nuna buhunan da ke waje da haɓa. Kamara na ɗauka, jarumi ya cusa ashana a aljihu ya shiga jidar masara har gumi ya jiƙa hular ulu.

"Marubucin ya yi ƙoƙari daidai zamaninsa," Darakta ya bayyana yana haki. "Amma wuta sau ɗaya take cin dukiya. Ni na bar masa dukiyar ta zame masa nauyi har kabari. Wannan ita ce ramuwa ta manya."

A bakin kogi aka kammala. Alhaji ya ce babbar rigarsa sabuwa ce, kuma shi da ruwa sai alwala. Don haka maimakon Hayatu ya jefa Ɗantani cikin Binuwai, sai ya goya shi daga kwalekwale zuwa gaɓa, takalman mugun rataye a wuyansa. Darakta ya ce ma'anar ita ce ya kai shi inda ba zai sake ganin ruwa ba.

Ranar nuni zauren ya cika maƙil. Sadisu ya sa aka raba hankici a ƙofa, don ya rantse sai Jalingo ta yi kuka. Kuma ta yi. Tun durƙuson farko hawaye ke zuba, wata mata har ta faɗo daga kujera tana riƙe da ciki. Darakta ya raɗa wa na kusa da shi cewa baƙin ciki in ya kai maƙura haka yake fita.

Da aka kunna fitila ya hau dandamali karɓar tambayoyi. Malam Tobiya, tsohon malamin adabi, ya miƙe yana share ido.

"Darakta, na koyar da littafin nan har na yi ritaya. Fim ya yi daɗi. Amma don Allah, wa ya rama?"

Sadisu ya gyara hula, ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki, Alhaji Sajo ya taso ya zare makirfo daga hannunsa.

"Ni ne ya rama, Malam," ya ce. "Ranar aure yaron nan ya ba ni hannu a tsaye, ya kira sunana gaban mutane. Ni ban yi magana ba. Yanzu duk Jalingo ta ga gwiwarsa a babban allo, kuma an ce za a sa a waya. Useko, wato na gode."

Zaure ya ɗauka da dariya. Alhaji ya miƙo masa makirfo, Giwar Mayo Gwoi ta kai hannu ɗaya za ta karɓa. Daga layin gaba Rauda ta yi gyaran murya.

Da hannu biyu ya karɓa, a durƙushe.